Ƙarfin da yake yankewa bayan daƙiƙun farko: abin da kowa ya gani a fili

Malamin motsa jiki, daga wani ƙauye kusa da Ringim

Assalamu alaikum. Ina roƙon kowa ya kawo abin da ya gani da idonsa ko ya ji a jikinsa game da wata matsala da take damuna a duk lokacin da nake shirya ɗalibai domin gasar makarantu. Yaro yakan ci zagayen farko na gudun mita 100 ba tare da wata wahala ba, amma idan aka sake kiransa bayan ɗan lokaci kaɗan, sai ka ga tun daga tsakiyar fili ƙafarsa ta yi nauyi, kafaɗunsa sun ɗaga, ya fara jefa kai baya, waɗanda ya bari a baya ɗazu kuma su zo su wuce shi. Abin da aka koya mana a kwaleji shi ne tsoka tana da 'yar ajiyar sinadaran ATP da fosfokiriyatin, waɗanda take amfani da su nan take ba tare da jiran iskar numfashi ba, kuma ajiyar ba ta wuce kimanin daƙiƙa 10 idan mutum ya saki iyakar ƙarfinsa. Tare da ita tsoka tana farfasa sukarin da ta tara cikin gaggawa, tsami ya taru a cikinta, cinya ta ɗauki zafi. Gudun mita 100 da ɗan tseren Jamaika Usain Bolt ya yi cikin daƙiƙa 9.58 a birnin Balin na Jamus a 2009, da wanda ɗan tseren Najeriya Olusoji Fasuba ya yi cikin 9.85 a Doha a 2006, kusan dukkan ƙarfinsu daga abin da yake cikin tsoka tun kafin a tashi ya fito. Wannan na littafi ne. Ina son in ji na fili.

Tsohon ɗan dambe, ƙasar Bichi

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka faɗa mun san shi a fagen dambe tun muna yara. Sabon ɗan dambe yakan shigo turmin farko ya zuba duk abin da yake da shi, yana kai naushi ba ƙaƙƙautawa, irin wutar kara, kafin a raba turmin hannun da aka ɗaure masa ya fi ƙarfinsa, garkuwarsa ta sauko ƙasa da haɓa, bakinsa a buɗe. A nan ake kashe shi. Manyanmu sun koya mana mu riƙa zagaya, mu auna, mu kai naushi biyu ko uku masu nauyi sannan mu ja da baya mu numfasa, domin hannu yana dawowa idan aka ba shi lokaci. Haka kuma ba ma shiga fage da jiki a sanyaye, musamman da kaka idan iska ta fara kaɗawa. Tsallen da ake yi a gaban makaɗa ana kirari yana tayar da zuciya, yana kuma ɗumama gaɓoɓi. Abin da yake baƙanta mini rai yanzu shi ne samarin da suke haɗiyar tiramadol da sunan ƙarin ƙarfi. Na ga wanda ya sha, aka buge shi bai ji ba, ya ci gaba da tsayuwa har aka ji masa raunin da ya raba shi da dambe.

Ma'aikacin lafiya, yankin Kazaure

Baba, Allah Ya ƙara girma, maganarka kan ƙwaya gaskiya ce. Tiramadol maganin kashe raɗaɗi ne, ba ya ƙara wa tsoka komai, yawansa yana jawo farfaɗiya, kuma hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun Janairun 2024. Game da tambayar Malam kuwa, akwai wani abu da nake ganin ba a cika lura da shi ba. Gaskiya ne tsoka tana kashe fosfokiriyatin ba tare da iskar oksijin ba, amma ba ta iya mayar da shi sai da oksijin ɗin da jini yake kawowa. Kusan rabinsa yana dawowa cikin daƙiƙa 30 na hutu, yawancinsa kuma cikin minti 3 zuwa 5, tsamin da ya taru kuwa ya fi haka daɗewa, kuma takawa a hankali ta fi zama wuri ɗaya saurin kawar da shi. Saboda haka yaron da yake da ƙarancin jini zai iya yin gudun farko lafiya ƙalau, ya kasa na biyu, domin jininsa ba ya kai iska yadda ya kamata a lokacin hutun. A ƙarshen damina, bayan zazzaɓin cizon sauro ya ratsa gidaje, ina ganin samari da yawa a ɗakin shan magani waɗanda idan na ja fatar idonsu ta ƙasa sai in tarar da ita fari fat, alhali su kansu suna cewa sun warke. Malam, ka duba idon yaran nan da tafin hannunsu, wanda ka yi shakka a kansa ka tura shi a gwada jininsa kafin ka ce rago ne.

Ɗan ƙwallo, ƙasar Gaya

Yaya ma'aikacin lafiya, na gode. Ni abin da na fi lura da shi lokaci ne. Bayan la'asar ƙafata ta fi sauƙi, tsallena ya fi tsawo, harbina ya fi ƙarfi, kuma an bayyana mini cewa zafin jikin ɗan'adam yana kai ƙololuwarsa da yamma, tsoka mai ɗumi kuwa ta fi saurin motsawa. Da hunturu an taɓa sa mana wasa da sassafe, wani abokin wasanmu ya sauko daga babur ya shiga fili kai tsaye, gudun farko da ya yi ya dafe bayan cinyarsa ya zauna, bai sake buga ƙwallo ba a wannan kakar. Da azumi kuwa gudu ɗaya ba ya gagarata, maimaitawar ce take wuya idan rana ta yi, shi ya sa muke mayar da atisaye mai tsanani bayan buɗa-baki.

Ɗan dako, kasuwar Dawanau

Ni ba ɗan wasa ba ne, amma ɗaga buhu mai kilo 100 daga ƙasa zuwa kafaɗa aikin daƙiƙa biyu ne da yake cin ƙarfin mutum gaba ɗaya. Idan muna lodin mota muna karɓa-karɓa, kowa yana samun numfashi tsakanin buhu da buhu, mukan yini muna yi. Idan mai kaya ya matsa a yi sauri ba hutu, ba a daɗewa gwiwa take fara rawa. Ranar da na kwana ban yi barci sosai ba, ko na fito ban ci tuwo ko fura ba, tun da hantsi nake ganewa. Na haura shekara arba'in, juriyata tana nan, amma fizgar nan ta farko ta ragu.

Malama mai kula da wasannin 'yan mata, yankin Gwaram

Malam na Dawanau, abin da ka ji haka yake, domin zaruruwan tsoka masu saurin aiki su ne suke fara raguwa da shekaru, kuma aikin ƙarfi irin naku yana rage saurin raguwarsu. Ɗalibaina kuwa matsalarsu tun daga gida take farowa. Da yawa sukan iso makaranta sun riga sun ɗebo ruwa sun yi shara, ba su karya ba, sannan a tsayar da su a rana su yi gudu a filin da yashi yake cinye ƙafa. Bayanin ƙarancin jini ya fi shafarsu saboda al'adarsu ta wata-wata. Na raba su rukuni-rukuni domin kowace ta sami hutun minti biyar tana takawa kafin ta sake gudu, na sa tulun ruwa a gindin bishiya, na kuma roƙi iyaye mata a taron makaranta su riƙa ba su ko kunu da ƙosai ne da safe, a yawaita wake da zogale a abinci, da hanta idan an samu hali.