Binciken mahaifa bayan ɓari a jere: abin da aka tattauna

A tattaunawar da aka yi kan irin binciken da ya dace a yi wa mahaifar macen da ta yi ɓari a jere, yawancin waɗanda suka yi magana sun yarda cewa ɓari biyu ko uku a jere ya isa a duba mahaifa. Ana farawa da sikanin ta farji, musamman mai 3D, domin yana nuna siffar mahaifa daga ciki da waje, har ya bambanta mahaifa mai shamaki a tsakiya da mai ƙaho biyu. Idan hoton bai fito sarai ba, akan zuba ruwan gishiri a cikin mahaifar a sake ɗauka.

An fi daɗewa kan histeroskofi: siririyar kyamara ce da ake shigarwa ta bakin mahaifa, likita ya ga tabo ko tsiro da idonsa, wani lokaci ma ya cire nan take. A ganina ta dace idan an taɓa wankin ciki, tunda yana iya barin tabo.

Hoton HSG kuwa, wato hoton X-ray da ake ɗauka bayan an zuba wani ruwa na musamman a mahaifa, ya fi amfani wajen duba bututun ƙwai, kuma yakan sa murɗar mara. Ana yin sa bayan gama al'ada, kafin fitar ƙwai. MRI, wato hoton cikin jiki da na'urar maganaɗisu ke ɗauka, sai in da sauran shakka.

Wasu sun tunatar cewa a haɗa da gwajin jini na daskarewa da na tayiroyid, wato ƙullin da ke wuya mai samar da sinadaran jiki.