HAL_UART_MspInit ɗina ba ya maye gurbin na asali a butloda

Mai_Sola_Marwa: Salamu alaikum malamai. Butloda ce (ƙaramin shirin da ke fara aiki in an kunna allo) ta ƙaramar na'urar sarrafawa STM32F103C8T6, a allon da ke kula da famfon rijiyar burtsatse mai sola. USART1, layin aika saƙo, a kan ƙafafun PB6 da PB7 yake, ba PA9 da PA10 da ya saba ba. Na rubuta HAL_UART_MspInit nawa, mai shirya ƙafafu da agogon layin, na sa shi cikin laburarena libboard.a. Komfaila bai yi ƙorafi ba, amma layin shiru, ko harafi ɗaya ba ya fita. Ina matsalar?

Injiniya_Garwa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Laburaren ne. Na cikin HAL, laburaren kamfanin ST, an yi masa alamar __weak, wato a iya maye gurbinsa, kuma fanko ne, amma duk da haka linka, mai haɗa fayiloli su zama shiri ɗaya, na ɗaukarsa a matsayin sunan da aka riga aka samu. Shi kuwa ba ya ciro fayil daga .a sai don cike sunan da ya rasa, saboda haka naka bai ma shiga ba.

Tabbatar tukuna: arm-none-eabi-nm boot.elf zai jero sunayen da ke cikin shirin, ka nemi sunan. In ka ga W, fankon ne ya shiga. T shi ne naka.

Gyara mafi tsabta, ka haɗa board.o, fayil ɗin da naka ke ciki, kai tsaye. In dole sai da laburare, ka sa shi tsakanin -Wl,--whole-archive da -Wl,--no-whole-archive. Kada ka manta na biyun, in ba haka ba libc gaba ɗaya za ta shigo, sunaye su yi ta karo.

Malama_Ngaundere: Ko T ya fito da sauran aiki, ƙanena. PB6 da PB7 sai ka kunna agogon AFIO, sashen da ke sauya aikin ƙafafu, sannan ka kira __HAL_AFIO_REMAP_USART1_ENABLE(). Agogon GPIOB, sashen ƙafafun PB, ma haka. A nan mutane da yawa ke maƙalewa.

Baba_Kuseri: Ku duba rubutun sunan ma, don linka suna kawai yake gani. Wanda ya rubuta UART1_IRQHandler maimakon USART1_IRQHandler, wanda ake kira in saƙo ya shigo, ba zai ga gargaɗi ba. Baiti na farko na shigowa sai allon ya faɗa Default_Handler ya yi ta zagaye a wurin. In fayil ɗin .cpp ne, sai da extern "C".

Mai_Sola_Marwa: W ne ya fito, Injiniya. Na haɗa board.o, na ƙara AFIO kamar yadda Malama ta ce, yanzu saƙo na fita a gudun 115200 baud. Allah ya saka da alheri.