Taƙaitawa: abin da aka ce kan markaɗen barkonon Asiya

Jama'a, zancen da aka yi ta yi kan yadda ake amfani da markaɗen barkonon Asiya a girki ya yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kowa ya yarda kowanne da halinsa. Sambal oelek na Indonesiya ɗanyen barkono ne aka markaɗa da gishiri, zafi zalla. Gochujang na Koriya kuwa yana da kauri da ɗan zaƙi, saboda ana haɗa shi da garin barkono, shinkafa mai danƙo da waken soya da aka tsima. Wata ta ce ƙanshinsa kamar na daddawa, ni ma haka na ji.

2. Doubanjiang, markaɗen barkono da wake da aka tsima, na lardin Sichuan a ƙasar Sin: a fara soya shi a mai, wuta kaɗan kaɗan, har man ya yi ja. A ɗanɗana kafin a ƙara gishiri, don yana da shi sosai.

3. Sriracha, mai sunan garin Si Racha na Tailan, yawanci sun fi son zuba ta bayan an sauke girki, kan ƙwai ko taliya.

4. Nan aka rabu: ko attaruhu zai maye gurbinsu? Wasu sun ce ga sambal zai yi. Wasu sun ce ga gochujang sam, tsimin watanni ba ya samuwa a turmi. Na fi karkata ga na biyun.

5. A karanta jikin kwalba. Wasu gochujang ana sa musu barasa, sambal terasi kuma da jatan lande ake yinsa.

6. Bayan an buɗe kwalba, a sa a firji, a riƙa ɗiba da busasshen cokali.