Gwajin asali ya sa ni a reshen R1b-V88: yaya zan yi wa Baba bayani?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ina aiki a Ingila, kuma a watan jiya na aika da yawuna domin gwajin ƙwayar gado ta Y, wadda ɗa namiji yake gada daga mahaifinsa kaɗai. Sakamakon ya sa ni a reshen R1b-V88, wato reshen V88 na babbar zuriyar maza da masana suke kira R1b, da na bincika kuma sai na tarar R1b ne ya fi yawa a tsakanin mazan Yammacin Turai. Mu kuwa tun muna yara Baba yake gaya mana cewa kakanninmu daga Gabas suka fito, suka biyo ta Borno kafin su zauna a Katsina. Shin akwai Bature a zuriyarmu ke nan? Ya dace in nuna wa dattijo mai shekara 74 wannan takarda?

Wani malamin ilimin halittu:
Wa alaikumus salam. Ka kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, domin mafi yawan Turawan Yamma suna kan wani reshen R1b ne dabam mai suna M269, wanda ya rabu da V88 fiye da shekara 10,000 da suka wuce. Binciken da masanin ƙwayoyin gado Fulvio Cruciani da abokan aikinsa suka wallafa a 2010 ya nuna cewa V88 ya yawaita a tsakanin masu magana da harsunan dangin Hausa a kewayen Tafkin Chadi, har ya haura kashi 90 cikin 100 a wata ƙabila ta tsaunukan Mandara a arewacin Kamaru. Sun danganta shi da mazan da suka ratso Sahara a zamanin da take da ciyawa da tafkuna, tun kafin a kafa Daura ko Kano.

Wata 'yar uwa:
Ƙanena, labarin Baba yana magana ne a kan ɗaruruwan shekaru, gwajin kuma a kan dubbai, saboda haka ɗaya bai ƙaryata ɗaya ba. Ka kuma tuna cewa idan ka koma baya kaka goma, guraben kakanni 1,024 za ka lissafa, ƙwayar Y kuwa ta mutum ɗaya ce tak a cikinsu. Shawarata ita ce ka jira sai ka je gida, ka fara roƙonsa ya jero maka sunayen kakanni da garuruwan da suka zauna, ka rubuta, sannan ka nuna masa taswirar Tafkin Chadi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Da Babbar Salla zan je, in Allah ya yarda, zan kuma tafi da littafin rubutu.