Minti Takwas: Musayar Baitoci Kan 'Yan Kwana-Kwana

Makaniken Panteka, Kaduna:
Da sunan Allah nake buɗewa,
Kan kwana-kwana da halin mota.
A sayo sabuwa, a yanka ƙyalle,
Kuɗin kula da ita a manta.
Batir biyu ne suke tashin ta,
In sun yi kwanaki, sai su kwanta.
Robar famfo idan ta bushe,
Ruwa ya yoye tun kan a fita.

Tsohon Direba:
Ƙanena, ka sosa wurin ƙaiƙayi,
Saura in kawo lissafin lita.
A ce tanki ya ɗauki 4,000,
Mesa guda kuwa in an buɗe ta,
500 take zubarwa a minti,
Minti 8 ta bar ka da wuta.
In famfon titi ba ruwa cikinsa,
Daga Rigasa sai a juya mota.
Kafin a ciko, a keto cunkoso,
Rufi ya rufta, haja ta salwanta.
Jama'a su hau jifan direba,
Da kuɗin gas kuma za a gyara ta.
Tanka ta bi bayan motar farko,
Burtsatse a tasha, su ne buƙata.

Hajiya Akanta:
Baba Direba, ina biye da kai,
Amma kasafi sai an karanta.
Kwana-kwanar tarayya na nan tun 1963,
Jiha ma tana riƙe da tata.
Gida biyu ne a cikin kasafi,
Manyan ayyuka, nan ake sa mota.
Na yau da kullum, gas da taya,
Nan ne ake datsewa a huta.
Rubutawa daban, saki daban ne,
Sai a jira shi wata bayan wata.
Farashin Janairu aka lissafa,
Hunturu ya kama, babu wadata.

Mai Kumfa na Kakuri:
Hajiya, ƙara mana layin kumfa,
Wutar fetur ruwa na yaɗa ta.
Kumfa 3, ruwa 97,
Haka ake haɗawa a fesa ta.
In ta sha rana cikin jarka,
Sai an gwada kan a yarda da ita.
Tukunyar iskar da ake goyawa,
Kusan minti 30 sai a sake ta.
In injin cika ta ya lalace,
Wa zai shiga hayaƙi ya fita?

Tsohon Direba:
Ɗana, haka ne. Ga wani gefen,
'Yan kasuwar Gumi da Barci, ku saurare ta.
Ko da an saki kuɗin gaba ɗaya,
Layin da tebur ya cike, ina mota?
Faɗin mita 4 take son ta samu,
Ta shiga, ta ja mesa, ta fita.
A buga lambar gaggawa 112 tun daga hayaƙi,
A faɗi layi da alamar kusa da wuta.

Hajiya Akanta:
Baba, tebur ba ya cikin kasafi,
Wannan Sarkin Kasuwa za a kai wa ita.