Gobarar San Luis Obispo ta 1926: aradu ce, ko ginin rumbun?

Injiniyan bututu: Jama'a, ga abin da nake riƙe da shi. Gobarar ma'ajiyar man Union Oil a San Luis Obispo, Kalifoniya, ba laifin magina ba ce. Bututun inci 8 da aka shimfiɗa a 1909 zuwa 1910 yana ɗauko ɗanyen mai daga kwarin San Joaquin zuwa tashar jiragen ruwa ta Avila, tafiyar fiye da mil 200. Man yana da kauri, sai an ɗumama shi a tashoshin famfo kafin ya haye tudun Cuesta. Bututu ba ya hutawa, jirgi kuwa zuwa yake ya tafi, dole a sami wurin tara mai a tsakani. Safiyar 7 ga Afrilu 1926 aradu ta faɗa wurin. Wa ke tare aradu?

Jami'in kashe gobara: Injiniya, aradu ta kunna, amma duba abin da ta tarar. Manyan rumbunan ba tankunan ƙarfe ba ne. Ramuka ne aka haƙa, aka shafe da siminti, aka rufe da katako. Tsakanin saman mai da rufin akwai fili, kuma nan tururin mai ke gauraya da iska. Idan tururin ya kai kamar kashi 1 zuwa 10 cikin 100 na iskar, tartsatsi ɗaya ya isa. Katako kuma ba ya sauke wutar aradu zuwa ƙasa. Rami guda yana ɗaukar ganga 750,000, wani har miliyan ɗaya.

Injiniyan bututu: Yallabai, haka kowa ke gini a lokacin. Tankin ƙarfe ganga 55,000 yake ɗauka. Sai ka gina goma sha takwas kafin ka kamo rami ɗaya mai ganga miliyan ɗaya.

Malamar kimiyyar sinadarai: Wannan lissafin kuɗi ne, Injiniya, kuma shi muke tuhuma. Gargaɗi ya riga ya zo. Ranar 14 ga Satumba 1924 aradu ta faɗa tankin Associated Oil a Monterey, ƙarshen wani bututun da ya taso daga Coalinga, sojoji biyu suka mutu wajen yaƙi da wutar. Gaɓar teku ɗaya, ƙasa da shekara biyu.

Injiniyan bututu: Malama, ai kin ba ni hujja. Na Monterey tanki ne, ba rami ba, kuma ya kama.

Jami'in kashe gobara: Kamawa daban, yaɗuwa daban. Abin da ya cinye ma'ajiyar San Luis Obispo tafasar ƙasan rumbu ne, kuma mutane da yawa ba su gane yadda take ba. Ɗanyen mai ba abu ɗaya ba ne. Sassa marasa nauyi su ke fara ƙonewa a sama, masu nauyin su yi zafi ƙwarai su nitse, su zama wani falle mai zafi da ke sauka sannu a hankali. A ƙasan kowane rumbu akwai ruwa kwance, wanda ya zo da man ko ya yoyo ta rufi. Da fallen nan ya taɓa ruwan, sai ruwan ya koma tururi, girmansa ya ninka kusan sau 1,700, ya cilla man da ke ci da wuta sama, kamar ɗigon ruwa a kaskon ƙosai. Man ya tsallake ganuwar ƙasa da ke kewaye da rumbun ya kunna rumbunan da ke maƙwabtaka. Abin tsoron shi ne sa'o'i kafin hakan wutar tana ci lami lafiya, sai ma'aikata su matso. Haka ya kashe fiye da mutum 150 a tashar wutar lantarki ta Tacoa a Benezuwela a 1982.

Malamar kimiyyar sinadarai: Kusan ganga miliyan 6 suka tafi cikin kwana biyar, wajen lita miliyan 950. Man ya bi rafin garin har teku. Zafin ya haifar da guguwar wuta, ɗaya ta ɗaga wani gida ta kashe uba da ɗansa. Washegari, 8 ga Afrilu, aradu ta kunna ma'ajiyar Union Oil a garin Brea, a kudancin Kalifoniya. Gini iri ɗaya, sakamako iri ɗaya.

Injiniyan bututu: Brea ta yi mini nauyi, na yarda. Amma hadari ɗaya ne ya ratsa jihar. Me za su yi da kayan aikin 1926?

Jami'in kashe gobara: Da yawa. Rufi mai yawo a kan mai, wanda ba ya barin fili ga tururi, ya fito tun 1923. Zuƙe ruwan ƙasan rumbu famfo kawai yake buƙata. Sai tazara mai faɗi, da hasumiyoyin kama aradu irin waɗanda aka kakkafa bayan gobarar.

Injiniyan bututu: Rufi mai yawo na tankin ƙarfe ne mai miƙaƙƙen bango. Bangon rami a karkace yake, ba zai zauna ba.

Malamar kimiyyar sinadarai: To ramin ne bai kamata ya rage ba, Injiniya. Zuƙe ruwan fa, me ya hana?