Ranar iftila'i a Katsina: ƙarin gadaje muke buƙata ko tsari?

Alhaji mai shago, Ƙofar Ƙaura: Jama'a, ni dai a ganina sai an ƙara gina asibiti. Tankar man da ta fashe a Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024 ta kashe sama da mutum 150, aka yi ta rarraba masu ƙuna tsakanin Ringim da Haɗeja. Allah ya kiyaye, in irin wannan ta faru a hanyar Jibiya, gadajen Asibitin Koyarwa na Tarayya da na Janar Amadi Rimi za su ɗauke su?

Hajiya, tsohuwar nas: Alhaji, gado ba ya ɗaura wa mutum ruwa. A ɗakin gaggawa na tsufa. Abin da ke cinye rayuka a sa'ar farko shi ne kowa ya kwaso nasa a Keke Napep ya nufi asibiti mafi kusa, mai ƙujewa ya riga mai zubar da jini shiga. Dole a tsayar da mai tantancewa a bakin ƙofa, yana sa wa kowa alamar launi: ja ga wanda jinkiri zai kashe, rawaya ga mai iya jira, kore ga mai tafiya da ƙafarsa. A sallami waɗanda suka ji sauƙi, a ɗage tiyatar da ba ta gaggawa ba, a kirawo ma'aikatan da ke hutu. Nan take gadaje za su fito.

Ɗalibin likitanci: Mama, jini fa? Ledar jini ba ta wuce kwana 35 zuwa 42 a firji. Gara a riƙe sunayen masu bayarwa unguwa-unguwa, kowa da rukunin jininsa, kafin ranar ta zo.

Malamin makaranta, Daura: Hatsari kuke ta magana a kai. Sanƙarau na 1996 ya kashe sama da mutum 11,000 a ƙasar nan, kuma watanni ya yi yana ci. A nan Alhaji na da hujja.

Hajiya: Malam, kwalarar 2021 tanti ta buƙata, da gado mai rami da bokiti a ƙarƙashi, da ruwan gishiri da sukari. Gini shekaru yake ɗauka, kuma wa zai yi aiki a cikinsa alhali likitocinmu na ta tafiya Saudiyya da Ingila?

Alhaji: To, ranki ya daɗe, na ji. Amma a daren, wa zai ce wannan motar ta nufi can, waccan ta zo nan? SEMA, wato hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, ko Ma'aikatar Lafiya?